Shirun Malam Ummaru

Cikin ranakun aikina duka, akwai wata Talata ta kakar 2015 da har yau ba ta fita raina ba. Lokacin ni ce babbar nas mai kula da ɗakin wankin ciwo a wani asibiti a Gummi, inda ake turo mana waɗanda aka yi wa aiki a manyan asibitoci su ƙarasa warkewa kusa da gida. Ku da kuka shigo aikin jinya kwanan nan kuna yawan tambayata me ya sa nake ɓata rai in na ga an ja miji gefe ana yi masa raɗa, an bar mara lafiya tana kallon rufin ɗaki. To, ga dalilin.

Akwai wata mata da kowa ke kira Inna Kulu, mai sana'ar turara shinkafa. Tana da wata ƙatuwar tukunya da duk unguwarsu aka sani, wadda take cewa ta girmi 'ya'yanta. An gano tana da ciwon daji a nonon hagu, aka kai ta Sakkwato aka cire nonon. A irin wannan aiki likitoci ba sa tsayawa nan. Sukan ciro 'yan ƙwayoyin da ke cikin hammata, waɗanda in sun kumbura muke cewa kaluluwa ta fito, su aika da su ɗakin gwaji. Ta nan ciwon yakan fara bi in zai bazu cikin jiki. In an duba ba a same shi ciki ba, ana kyautata zaton an tare shi da wuri. In kuwa an same shi, magani yakan yi nauyi, hankali kuma ba ya kwanciya. Sakamakon yakan ɗauki makonni, kuma a wannan zaman jira ne Inna Kulu ta zama tawa.

Ban taɓa jinyar mai surutu irinta ba. Ina cire bandeji tana ba ni labarin wanda ya sayar da gonar fadama da wadda ta ƙona tuwon biki. Ni kaina ba ta ƙyale ni ba, wai hannuna ya fi na mahauci sanyi amma bai fi shi tausayi ba. Sai dai duk ranar da ta zo, in ta gama ba mu dariya tana ɗaura zane, sai ta rage murya ta ce, "Sista, ciwon ya tsallaka hammata?"

Nakan ce, "Inna, ban sani ba. Wallahi in na sani ba ni ɓoye miki."

Wannan amsa ta fi wankin ciwon wuya a gare ni. Mu ma'aikatan jinya mun saba da abin da hannu zai yi: a wanke, a ɗaure, a ba da ƙwaya. Rashin sani kuwa ba shi da bandeji. Ta gaya mini ko tana salla hannunta na son zuwa hammata ya laluba. Har wata rana ta zo a firgice, wurin ya kumbura, likitanmu ya duba ya ce ruwa ne ya taru kamar yadda yakan faru bayan aiki, ya zuƙe shi da sirinji. Daga nan muka yi yarjejeniya: lalube nawa ne, ba nata ba. Nata shi ne ta tsaya gaban bango safe da yamma ta riƙa hawa da yatsunta sama don kada kafaɗa ta sage. Ta ce na mai da ita ƙadangare, amma ta yi.

Da lokacin karɓar sakamako ya yi, mijinta Malam Ummaru ya ce shi zai tafi shi kaɗai, don hanyar za ta jijjiga mata ɗinki. Manomin shinkafa ne, dattijo mai ƙarancin magana. Nakan ce a raina Allah ya raba musu baki ɗaya ne, ya ba Kulu duka.

Ranar Talatar da nake ba ku labari, Inna Kulu ta shigo ba sallamar barkwanci, ba tsegumi. Ta zauna ta buɗe ciwon da kanta. Ciwon ya yi kyau ƙwarai, amma ita ta zube, idanunta sun faɗa. Da na gama sai ta kama hannuna ta ce, "Sista, ki yahe mani duk abin da niy yi miki. Gwashi za ni, gidanmu. Can nika son ta same ni, kusa ga kabarin Innata."

Na ce, "Wace ce za ta same ki? Mi anka ce Sakkwato?"

Ta ce, "Malam ya dawo, nit tambaye shi, yac ce in bar ma Allah. Yac ce likita na son a koma da ni a soma wani magani. Wanshekare yay yanka akuya anka raba ma maƙwabta. Sista, mutumen da tun aurenmu bai taɓa tambayata mi nika son ci ba, shi na jiya da kihi ga hannu, wai in ɗanɗana. Shi ka ɗauko man buta yanzu. Ni ba yarinya ba ta. Ya tsallaka. To mi za ni yi Sakkwato, in sha wahalar hanya in sha ta magani? Tukunyata ma na ba Hassi ƙanwata."

Da ta ambaci tukunyar nan, na san da gaske take. Kuma gaskiya ni ma na yarda da lissafinta, don haka muke yi a ƙasar nan. In labari ya yi muni, namiji ake faɗa wa, shi kuma ya haɗiye, ya koma gida yana lallaɓa mara lafiya, ita kuma ta karanta a fuskokin mutane. Na ga haka ba sau ɗaya ba. Amma ko ciwon ya tsallaka, barin magani shi ne babban haɗari, kuma ga ta tana shirin hawa babur ta tafi ƙauye. Na ce ta jira ni.

Na sami Malam Ummaru a gindin dogon yaro, yana zaune kusa da babur ɗinsa yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, ni mai jinyarta ta. Don Allah mi likita yac ce?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama, kamar wanda zai sayar da kayan sata. Sannan ya matso ya ce, "Sun duba su duka. Babu komi ciki. Bai tsallaka ba."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Bai tsallaka ba? To akuyar hwa?"

Ya ce, "Godiya ta niy yi ma Allah."

Na ce, "Kihin da butar hwa?"

Sai dattijon nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Daɗi nij ji, ɗiyata."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Na tambaye shi me ya hana shi gaya mata. Ya ce, "Ke kin san Kulu. In taj ji da hantsi, kahin la'asar Gummi duk ta ji. Bakin mutane nika tsoro. Kowa ya dinga hwaɗin Kulu ta tsira, Kulu ta tsira, har baki ya kama ta abin ya dawo. Nic ce in yi kurum sai an ƙare magani."

Na ce, "Malam, matarka tana ciki tana neman gahwara ga mutane. Ta ba da tukunyarta. Ta ce ba ta komawa Sakkwato."

Carbin ya faɗi daga hannunsa. Shi a ganinsa katanga ya gina mata, bai san ita kabari take gani ba.

A ƙa'idar aiki, nas ba ta sanar da sakamako daga bakin dangi. Na je na sami likitanmu, ya buga waya ga likitan da ya yi aikin, aka tabbatar: ba a sami ciwon a ko ɗaya daga cikin ƙwayoyin ba, amma dole ta koma a ɗora ta kan magani, a kuma ci gaba da duba ta. Muka shiga wurinta mu uku, har da Malam. Likita ya zauna daidai fuskarta, ya gaya mata da Hausa, a hankali, har sau biyu.

Inna Kulu ta dubi likita, ta dube ni. Na gyaɗa mata kai, na ce, "Na ce miki ba ni ɓoye miki." Sai ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni ma ban iya riƙe hawayena ba, na juya ina gyara almakashin da ba ya bukatar gyara. Rabon da in ji sanyi a raina irin na ranar nan har na manta.

Da ta share ido, ta juya kan mijinta. "Malam, kai da labarin ga cikin cikinka, kab bar ni ina kwana ina zaɓen wadda za ta yi man wankan gawa?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri, Kulu. Amma don Allah kak ki hwaɗa ma kowa."

Ta ce, "To." Kafin su kai bakin ƙofar asibiti, masu shara sun ji, mai sayar da ƙosai ta ji, har wani da ya kawo ɗansa a cire masa haƙori ya yi mata barka.

Ta koma Sakkwato, ta sha maganinta, ya wahalar da ita amma ta jure. Har na yi ritaya tana zuwa dubawa, kuma baki bai kama ta ba.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, mutanenmu suna ɓoye mugun labari don tausayi, suna ɓoye mai daɗi don tsoron baki, kuma shirun duka iri ɗaya ne a kunnen wadda ke kwance. Ita kuwa in an bar ta da shiru, mafi muni take zaɓa. Don haka in ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. In kun sani, mai jikin ce farkon wadda ta cancanci ji.

A Talatar nan dai, na raka su har wurin babur. Malam ya tayar, ta hau baya tana riƙe da hannun hagu a hankali. Ya kama hanyar gida, sai na ji ta daki kafaɗarsa ta ce, "Ba nan ba. Gidan Hassi za mu. A ba ni tukunyata, shinkafar bana ta kusa shigowa."