Duwatsun Kamfani a Ƙarƙashin Tukunyar Tuwo

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan, don ina tsoron a ce na tona asirin dattijo bayan ya kwanta dama. Shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba. Amma ko zan manta duk zamana a Jidda, wannan abu ɗaya ba zai fita raina ba.

A shekarun alif ɗari tara da sittin ina aiki a siton wani kamfanin neman man fetur, kusa da tashar jiragen ruwa. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina karanta lamba, sai aka damƙa mini kula da duwatsu. Idan sun haƙa rijiya, sukan yanko dutsen da ke can ƙasa, dogo mulmulalle kamar taɓarya, su datsa shi gunduwa-gunduwa, su lulluɓe da kaki don kada abin da ke ciki ya bushe, su jera a akwatunan katako, kowace gunduwa da lambar zurfin da ta fito. Injiniyanmu, wani Bature mai jan wuya, ya taɓa yi mini bayani da gurguwar Larabcinsa. Ya ce akwai mai a cikin dutsen, amma dutsen ya matse ƙam, ba ya sakin ko ɗigo. Za a kai shi ƙasarsu a gwada ko asid ko ruwa mai ƙarfin turi zai tsaga shi, man ya samu hanyar fita.

A lokacin kawuna, ƙanin mahaifiyata, yana zaune a ɗakina a unguwar Karantina. Aikin hajji ya zo, ya ƙi komawa. Da aka nemi mai gadin rana, na roƙi mudir, wato manajanmu, ya ɗauke shi. Mudir ya ce, “A wuyanka yake. In ya yi ɓarna, iƙamarka ce za ta amsa.” Kamfanin ne kafilina, wato mai tsaya mini a wajen hukuma, ba ni da wata takardar zama sai iƙamar da suka yi mini.

Ana gobe za a loda akwatunan a jirgi, na ɗaga ɗaya na ji ba nauyi. Na buɗe. Gunduwa uku babu, ga kakinsu an ɓare an tara a lungu. Kawu yana bakin ƙofa yana kurɓar shayi.

“Kawu, wa ya taɓa akwatin nan?”

“Au, duwatsun nan? Ni na ba Hajiya mai tuwo.”

“Ka ba ta? Ta yi me da su?”

“Murhu mana. Kai ma ka san dutsen garin nan na teku ne, wuta na taɓa shi sai ya zama gari. Baiwar Allah kullum tukunya na karkace mata. Ga su jibge har rufi, uku kacal na ɗauka, na ma zaɓo mata masu tsawo ɗaya.”

“Kawu, na kamfani ne!”

Ya ajiye kofi ya dube ni. “Ɗan nan, kamfani ne ya halicci dutse?”

Da wani ne da na zazzaga masa. Amma ta ina zan fara ɗaga wa ƙanin uwata murya? Na haɗiye, na kama hanyar Karantina da gudu cikin rana.

Na tarar da Hajiya tana tuƙa tuwo, duwatsunmu uku a ƙarƙashin tukunya sun yi baƙi ƙirin. Na gaishe ta ina haki, na ce ta yi wa Allah ta sauke.

“In sauke tuwo bai nuna ba? Leburorin tasha su ci me, gaisuwarka?” Ta nuna ni da muciya. “Dama ina neman kawun nan naka. Wane irin dutse ya kawo mini? Sai warin kananzir. Jiya ɗaya ya fashe kamar bindiga, saura kaɗan ya cire mini ido. Har an ce miyata tana ɗanɗanon fitila!”

Haka na tsaya kamar gunki har tuwo ya nuna. Sannan ta ce ba za ta ba ni ba sai na kawo madadi. Na bi bola na samo gwangwanaye, na cika su da yashi na girka mata. Na zuba duwatsun a buhu da zafinsu, suna ƙona mini baya har sito.

A hanya zuciya ta raya mini in wanke su, in mayar da kakin, in yi shiru. Na san kaina, da na yi haka ba zan ƙara barci ba. Na kai su gaban injiniya. Ya juya wadda ta fashe, ya sansana. Lambobi sun ƙone, man da ke ciki ma wuta ta cinye.

“Waɗannan daga tsakiyar inda man yake suka fito,” ya ce. “Rijiyar kuma an riga an toshe ta da siminti.” Sai ya yi wata dariya mara daɗi. “Mu za mu ƙetare teku don a tsaga dutsen nan, ku kun tsaga shi da girki.”

Mudir bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu. “Khalas, an gama. Yalla, ba ni makulli.”

Aiki ya tafi, iƙama ta bi shi. Na yi watanni ina laɓe-laɓe, in na hango ɗan sanda sai in sauya hanya, kafin wani mai shagon yadi ya yarda ya zama kafilina. Kawu kuwa, satin nan Hajiya ta ɗauke shi faskaren itace, yana cin tuwo kyauta. Har ya rasu, Allah ya jiƙansa, in an yi baƙi cewa yake, “Turawan nan ba su da imani, a kan murhu suka kori yaron nan.” Ni kuma ina zaune ina zuba musu shayi.

Abin da na koya shi ne, kada ka ɗauki nauyin wanda ba za ka iya tsawata wa ba. Taimake shi da abinci, da ɗaki, da sutura, amma kada ka sa shi inda kai za ka amsa laifinsa.

Akwai abin da har yau yake ci mini rai. Ba a daɗe ba kamfanin ya tattara ya bar Jidda, mutanenmu da yawa suka rasa aiki. Don Allah, in cikin masu karatu akwai wanda ya san aikin haƙar mai, ya gaya mini gaskiya: gunduwa uku da suka ƙone za su iya sa kamfani ya haƙura da rijiya, ko dama can za su tafi?