Yarinyar da Gidaɗo Bai Kira Sunanta Ba

Shekara goma sha tara na yi ina rubuta bayanin zama a majalisar kansiloli. Na rubuta faɗa, na rubuta alkawarin da mai yinsa ma ya san ba zai cika ba, duk ban damu ba, aikina ne. Amma akwai kalma biyu da hannuna ya rubuta wata Laraba da har yau suke tsaye mini a maƙogwaro: “wata yarinya”. Kafin a gane dalili, sai an san Gidaɗo.

Gidaɗo shi ne mai kula da wani ɗan lambun shaƙatawa na hukuma da ke bayan Ƙofar Kaura. Bafulatani ne, dogo, siriri, maganarsa ba ta da yawa. Ya shigo gari ne bayan ɓarayi sun kore garken gidansu kaf, da matarsa Hawwa da tabarma ɗaya. Wani ya yi masa hanya aka ɗauke shi ban-ruwa da shara, aka ba shi ɗakin da ke can ƙuryar lambun, da sharaɗin nan zai zauna don ya riƙa sa ido. Da ya rasa shanun kiwo sai ya koma kiwon itatuwa. Kowace ya raɗa mata suna kamar saniya. Mangwaron da ya karkace shi ne Gurguwa, ’yar gwaibar bakin famfo Amarya, babbar bishiyar bedin da ta yi wa ɗakinsa inuwa kuwa Uwar Garke. Da safe za ka ji shi da tiyo a hannu yana cewa, “Amarya, yau kin sha, kada ki ce ban ba ki ba.” Mu ma’aikata har tsokanarsa muke yi, mu ce yaushe za a fara tatsa.

A wannan ɗaki aka haifi ’yarsa ta fari, Halimatus Sa’adiyya, wadda kowa ke kira Sadiya. Kowa ban da shi. Mutumin da ya san sunan kowace bishiya bai taɓa buɗe baki ya kira sunan yarinyar nan ba, don haka ya taso ya ga ana yi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa gaban mutane, ba a nuna an san da shi. Sai dai “ke”, ko “waccan”, ko “yarinyar nan”. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ya sonta. Ni kuwa na sha ganinsa yana ɓoye gwaibar farko a aljihun riga, ya ajiye a kan taga, ya wuce kamar ba shi ba.

Sadiya tana da asma tun tana shekara huɗu. Matsalar kuma tagar nan ce. Kujerun simintin da suka fi nisa da ƙofar lambu suna ƙarƙashin Uwar Garke, dab da tagar ɗakin Gidaɗo. A garin nan saurayi ba ya kunna taba inda babansa ko abokin babansa zai hango shi, magidanci ma ba ya so surukinsa ya gan shi da kara a baki. Saboda haka duk mai jin kunya sai ya wuce can ƙurya. Daga azahar zuwa magariba wurin ba ya rabuwa da hayaƙi, iska kuma ta kwasa ta zuba a ɗakin. Daga baya ’ya’yan masu hali suka zo da tasu taba mai caji, wadda ake zuƙa ta fitar da farin hayaƙi mai ƙanshin alewa, mutum ɗaya ya turnuƙe wuri kamar ana gashin masara.

Kada in yi ta zagin mutane in tsame kaina. Ni ma a kan kujerar nan na yi shekara shida ina busa tawa in an tashi aiki, don kada a gan ni a Ƙofar Ƙwaya inda nake zaune. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Gidaɗo yana wucewa da tsintsiya, ya gaishe ni, ya share guntayen da na zubar, bai taɓa yi mini maganar tabar ba. Sai wata rana na ji wani sauti daga tagar kamar ana busa usur ɗin da ya tsage. Na leƙa na ga yarinya durƙushe, ta dafa gwiwa, Hawwa na fesa mata maganin nan na baki tana yi mata fifita da murfin kwano. Ranar na bar shan taba a lambun. Ban daina sha ba, wuri kawai na sauya.

Na ce wa Gidaɗo ya kai ta wajen dangi mana. Ya dube ni ya ce, “Malam, wane daji ya rage da za a kai yaro?” Na ce to ya nemi a ɗage kujerun. Ya ce ya gaya wa shugabansa sau biyu, an ce kayan hukuma ne, sai da takarda. Na ce ya riƙa korar masu shan tabar. Ya yi murmushi ya ce, “In kori ɗan wa?”

Ana haka sai wata jami’ar lafiya, Malama Khadijat, ta kawo takarda gaban majalisa tana neman a hana shan taba, da ta kara da mai caji, a duk wuraren shaƙatawa na hukuma. Ita ba ta san Gidaɗo ba, daga littafi da alƙaluma ta ɗauko hujjarta. Aka kafa kwamiti, aka sa ranar jin bahasin jama’a, ni ne mai rubutu. Da kaina na je na gaya wa Gidaɗo, na ce ga dama ta samu, ya zo ya faɗi abin da ke faruwa a ɗakinsa. Ya wanke rigarsa shuɗiya, ya zo tun kafin a buɗe zauren.

Zaman nan, Allah ya sani, an kai ruwa rana. Alhaji Babaji, wani kansila mai baki kamar reza, ya ce in aka kori samari daga lambu kango za su koma, can kuma abin da za su haɗa da shi ya fi taba muni. Maganarsa ba ta rasa gaskiya, ban ce ta rasa ba. Sule mai tebur, wanda ke sayar da taba da goro a bakin ƙofar lambun, ya ce shi da iyalinsa a kan teburin nan suke ci. Sannan aka shafe kusan awa guda ana gardama ko abin da taba mai caji ke fitarwa hayaƙi ne ko tururi, don wai in tururi ne to sai a hana mai shayi ma. Aka yi dariya. Malama Khadijat ta karanta alƙalumanta, rabin zauren na duba waya.

Can shugaban kwamitin, Alhaji Mamman, ya ce, “Jama’a, lambu fili ne, iska na kaɗawa. Ni abu guda nika so in ji. Akwai mutum ɗaya da hayaƙin nan ya cutar? Ba a takarda ba, mutum mai suna. Ina mai kula da wurin?”

Gidaɗo ya taso, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Aka miƙa masa abin magana ya riƙe kamar zai ƙone shi. A sahun gaba ga liman, ga mai unguwa, ga dattawa masu furfura.

“Ranka ya daɗe, akwai wata yarinya,” in ji shi. “In hayaƙi ya yi yawa, numfashinta ɗaukewa yake.”

“Ɗiyar wa ce?”

Ya sunkuyar da kai. “Ta nan wajenmu ce.”

“To, mi sunanta?”

Na ga leɓensa ya buɗe ya rufe. Ya kafe ido a kan siminti, gumi na sauka ta bayan kunnensa.

“Kai ma ba ka san sunanta ba?” in ji Alhaji Babaji. “To, ranka ya daɗe, ka ji. Ji-ta-ji-ta ce. Doka ba a yinta bisa wata yarinya.”

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, da a zauren gida aka yi wannan tambaya, babu dattijon da ba zai gane nan take ba cewa mutumin nan maganar ’yarsa ta fari yake yi. Dukkansu da al’adar suka girma. Amma da zarar an zauna bayan tebur, da robar ruwa a gaban kowa, sai mutum ya manta abin da ya sani. Wasu kuma na tabbata sun gane, suka ga shirun ya fi musu sauƙi. Ni fa? Na san sunan, na san tagar, na ji usur ɗin da kunnena. Amma marubuci ba ya magana a zama, haka aka koya mini tun ranar farko. Na tsuke bakina na rubuta: “Mai kula da lambu ya ambaci wata yarinya, bai kawo suna ba.” Aka kira azahar, aka ɗage maganar sai bayan Sallah.

A waje na tare shi, raina a ɓace, na ce, “Haba Gidaɗo! Suna kawai!”

Ya ce, “Malam, gaban manya? Ɗiyar fari? Wallahi na ɗauko shi, ya zo nan,” ya nuna wuyansa, “ya ƙi hita.” Ya sa takalminsa ya tafi ba itatuwa ruwa.

Washegarin Sallah lambun ya cika maƙil, ga zafi kamar a tukunya. Ƙarƙashin Uwar Garke samari sun fi talatin, kowa da sabuwar shadda da abin zuƙarsa. Hawwa ta ce ta jiƙa zani ta rufe tagar, ɗakin ya zama ba hayaƙi sosai amma ba iska. Ta buɗe, hayaƙi ya shigo. Da la’asar asmar Sadiya ta tashi. Aka fesa magani, aka sake fesawa, bai yi ba. Gidaɗo ya ɗauke ta a kafaɗa, karo na farko da wani ya taɓa ganinsa ɗauke da ita, ya ratsa cikin taron yana neman hanya. Keke napep ɗin da suka samu ya maƙale a cunkoson masu yawon Sallah. Kafin su isa asibiti ta cika. Shekararta goma sha ɗaya. Ni ba likita ba ne, ba zan rantse cewa hayaƙi kaɗai ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma na san abin da ta shaƙa a ranar.

Wajen zaman makoki bai yi kuka ba. In an yi masa gaisuwa sai ya ce, “Yarinyar ta riga mu,” ya juya maganar.

Bayan wata biyu kwamiti ya sake zama. Ba a gayyaci Gidaɗo ba, sai ganinsa na yi ya shigo da kayan aiki, ƙafarsa duk laka. Ana cikin karanta bayanin zaman baya, daidai wurin da na rubuta “wata yarinya”, ya tako har gaban tebur da takalminsa, bai durƙusa ba.

“Kun tambaye ni suna,” in ji shi. “Halimatus Sa’adiyya. Ɗiyata ce. Ita ce ta fari. Halimatus Sa’adiyya sunanta.” Ya sake faɗi a karo na uku, a hankali, kamar mai koyon kalmar. “Washegarin Sallah muka rufe ta.”

Malama Khadijat ta rufe fuska da mayafi. Alhaji Mamman ya cire tabarau yana share ido, kuma na yarda hawayen gaske ne. Liman ya ɗaga hannu, aka yi addu’a mai tsawo, kowa ya shafa. Sai Alhaji Babaji ya miƙe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce bai kamata a yi gardamar siyasa a gaban uban da ke cikin wannan hali ba, yana roƙon a ɗage zaman don girmama marigayiya. Babu wanda ya iya cewa a’a. Wa zai ce? Aka ɗage ba tare da sa rana ba, kowa ya zo ya riƙe hannun Gidaɗo ya ce Allah ya ba da haƙuri. Wannan karon na rubuta sunan cikakke, na ja masa layi. Bayan wata huɗu wa’adin majalisar ya ƙare, fayil ɗin yana cikin kabad ɗin da ke bayan kujerata.

Makon jiya na bi ta lambun da hantsi. Kujerun suna nan inda suke. An toshe tagar da kwali. Gidaɗo yana duƙe a ƙarƙashinta yana tara guntayen taba da tsintsiya, har da wata ’yar robar caji da aka yar. Muka gaisa, sai na nuna gwaibar bakin famfo na ce, “Ina labarin Amarya? Ta yi ’ya’ya bana?”

Ya ɗago ya dube ta, ya daɗe.

“Icce ne, Malam,” in ji shi. “Ta yi. Ba wanda ya tsinka.”

Ya ci gaba da shara.