Ɗaurin Da Ba A Sassautawa

In ka karya ƙafa tsakanin Yashe da Bauranya, ba sai ka tambayi hanya ba, mai mashin da kansa zai sauke ka ƙofar gidan yayana Badaru. Maɗori ne, ɗan maɗori. Ni ce Rahamatu, wadda ke bi mashi, kuma duk gidanmu ni kaɗai ke faɗa mashi gaskiya a ido ya haɗiye.

Gajere ne, ba shi da yawan magana, sai taurin kai na bugawa a jarida. Da damina yana noman gero da dawa kamar kowa, amma ɗori ba shi da lokaci, ko fura yake sha sai ya ajiye ludayi. Kayan aikinsa karan dawa ne da ya fere, da tsumma, da man shanu. Abin da ya fi tinƙaho da shi kuwa shi ne bai taɓa matse ɗauri ba. Yakan ce sabuwar karaya dole ta kumbura, in ba ka bar ma kumburin wuri ba jini ya tsaya, hannu ya mutu. Shi ya sa kullum yake cusa yatsa ƙarƙashin tsumman ya ji, in ya cika ya sassauta. Zancen asibiti dai kada ma ka tayar mashi.

Ɗansa na fari Kamilu ne. Saboda alkunya, tun ranar suna bakin Yaya bai taɓa furta sunan nan ba. "Wancan" yake ce mashi. Kamilu ya yi gemu, ya yi 'ya'ya, yana nan a wancan.

Bara da kaka Kamilu ya ɗauko dammunan dawa a amalanke, sa ɗaya ya zabura, Kamilu ya faɗo. Wuyan hannu ya karye, ƙeya ta bugi ƙasa. Da ƙafarsa ya zo gida, har yana yi wa san tsiya. Yaya ya ɗora hannun tsaf, sannan ya shafa kan ya ce babu rauni, babu ko ƙulu, lafiya lau. Wajen la'asar ciwon kai ya taso. Mu kuwa a wajenmu ciwon kai ɗaure shi ake yi. Yaya ya warware rawaninsa ya naɗe kan yaron tamau, aka shimfiɗe shi a tabarma, ana ta ɗura mashi ruwa da koko, yana amayarwa.

Da safe na leƙa na tarar ana tashinsa yana komawa, magana ta harɗe, bai ma gane matarsa ba. Na ce a kai shi asibiti, Yaya ya ce gajiya ce, hannunsa bai ji komai a kan ba. Raina ya ɓaci, na tsaya a kansa.

"Yaya, hannunka ƙashi ya sani. Wallahi ko ka tashi, ko in tara maza su ɗauke shi kana kallo."

Ya dube ni, ya dubi yaron, ya jawo takalmansa.

Daga asibitin Kankia aka tura mu Katsina, aka ɗauki hoton kan. Likitar wata 'yar siririya ce, Amatullah. Ita ta warware rawanin ta miƙa wa Yaya da hannu biyu, ba ta yi faɗa ba. Ta ce ƙashi bai fashe ba, jini bai taru ba, ƙwaƙwalwar ce ta bugu take kumbura. Ta yi mana bayanin cewa cikin ƙwaƙwalwa, ban da ƙwayoyin da ke tunani, akwai wasu masu siffar tauraro, aikinsu hidima: su ciyar, su kwashe ƙazanta, su daidaita ruwa da gishiri. In an bugu, ƙarfin da suke fitar da gishiri da shi sai ya ƙare, gishiri ya taru cikinsu, ruwa ya bi shi, su cika kamar waken da aka jiƙa. Ga shi ƙoƙon kai ba ya buɗewa, sai su matse jijiyoyin jini, ƙwaƙwalwa ta rasa abin da take rayuwa da shi.

Yaya ya yi ta juya rawanin a hannu. Can ya ce, a hankali, "Ke nan kai ɗauri ne da ba a sassautawa."

"Haka ne, Baba," in ji ta. "Tunda ba mu iya sassauta shi, kumburin za mu rage. Ba rawaninka ya jawo ba, amma jinkiri shi ne abin tsoro."

Tausayinsa ya kama ni. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bar ma kumburi wuri, ga shi ya ƙara ɗauri kan ɗauri a kan ɗansa.

Aka ɗaga kan gadon, aka hana mu ba shi komai ta baki, aka sa mashi wani ruwan magani mai gishiri ta jijiya, wai ya janyo ruwan daga ƙwayoyin nan yadda gishiri ke janyo ruwan tumatir. Sauran kuma jira da addu'a. Ma'aikatan suka ce mu riƙa kiran sunansa, ko zai amsa. Na kira har maƙogwarona ya bushe, matarsa ta kira tana kuka. Yaya yana zaune gefe, yatsansa cikin tsumman ɗorin, bakinsa gum.

Wata safiya na dawo daga ɗibar ruwan zafi, na tsaya bakin labule. Yaya ya duƙa, bakinsa dab da kunnen yaron.

"Kamilu. Kamilu, ni ne. Ka tashi mu je gida."

Yatsun hannun da ya karye suka motsa, suka kama nasa. Na tsaya da butar a hannu ina hawaye, ban shiga ba.

Sauƙin a hankali ya zo. Har yanzu Kamilu yakan manta inda ya ajiye fartanya, rana in ta yi zafi kan yana sara mashi, amma bana da kansa ya yi huɗa. Yaya yana nan yana ɗorinsa, sai dai yanzu kafin ya taɓa ƙashi yakan tambaya ko kai ya bugu. In aka ce ya bugu, ko mutum na dariya, zai ɗaure hannun sama-sama ya kira mai mashin. Rawanin ya koma kansa, bai ƙara naɗa ma kowa ba.

Kamilu ya ce duk zaman asibitin bai tuna komai, sai abu guda, ya ji Baba ya kira sunansa. Ran da ya faɗi haka a tsakar gida, Yaya bai ɗago daga karan da yake ferewa ba.

"Wancan mafarki ya yi," in ji shi.

Na buɗe baki zan ƙaryata shi kamar yadda na saba, sai na ga ya fere karan har ya lalata shi bai lura ba. Na bar shi.