Satti Direban Dabino

Satti Ursud mutumin Dongola ne ta ƙasar Sudan, shekara talatin da takwas ya yi yana jan babbar mota cike da dabino. Matarsa Nabra 'yar ƙabilar Mahas ce, kuma tun ranar da aka kawo ta suke musu a kan sunan ruwa a harsunansu. Shi ya ce essi, ita ta ce aman.

"Baban Sakina, ku dai harshenku bai gama nuna ba," in ji ta.

"To ki ba ni ɗanyen in sha, ƙishi nake ji."

Wata shekara lodi ya kai shi yamma, har Malha ta ƙasar Midob. Yana hutawa a bakin rijiya sai ya ji wata tsohuwa tana faɗa da 'yarta a kan tulu. Bai gane faɗan ba, amma kalmar ruwan da ta fito daga bakinta kamar tasa ce, an ɗan murɗa ta. Ya tashi ya nuna mata idonsa, ya nuna hannunsa, tana faɗin sunayensu tana dariya. Wasu suka yi kusa da nasa, wasu ko alama.

"Wallahi mun samu dangi a bayan duniya!" ya ce da ya dawo gida. "Kuma a batun ruwa, bayana suke."

Daga nan ya sayi rikoda. Duk inda ya sauke kaya, Dilling ne ko Halfa, sai ya nemi tsofaffi ya saya musu shayi su yi ta zuba yana ɗaukar muryarsu. Kafin ya ajiye tuƙi ya tara kaset saba'in.

'Yarsa Sakina, mai aiki a ɗakin karatu, ita ta kwashe su don a adana. Ta nuna masa takardar rajista, inda aka rubuta nub a gaban kowanne.

"Wannan fa?"

"Alamar harsunan Nuba ce gaba ɗaya, Baba. Duk duniya da ita ake nemansu."

"Har da na uwarki?"

"Har da shi."

"Tayoyi nawa na kashe, a ce haruffa uku!" Sai dai ya karɓi takardar ya sa a aljihu.

Yanzu ƙafa ta yi nauyi, ba ya zuwa ko'ina. Direbobin yamma ke tsayawa a ƙofarsa, Nabra ta gasa musu gurasa, shi kuma ya hana su ci sai sun ƙirga masa ɗaya zuwa goma da harshen garinsu.