Ranar da Gadona Ya Riga Ni Komawa Gida

Duk shekarun da muka yi muna tashi daga wannan bariki zuwa wancan, maigidana bai taɓa ɗaga ko cokali ba sai ya tambaye ni. Abokan aikinsa har tsiya suke yi masa, wai mutumin da ke ɗaga jirgin soja sama ba ya iya matsar da kujera a falonsa sai da izinin mata. Shi dai murmushi yake yi. Ni na san inda ya koyi wannan ladabin, kuma ba a makarantar soja ba ne.

A Anka muka fara zaman aure, a ɗaki biyu na haya kusa da sakandaren da yake koyar da kimiyya. Shi ya sa nake ce masa Malam har bayan ya sa kaki. Ni 'yar Bukkuyum ce, shi ɗan Gummi. Lokacin jihar Zamfara sabuwa ce, wayar hannu ba ta iso mana ba, in kana da saƙo sai ka je tasha ka roƙi direba. Hanya kuwa lafiya lau, abin tsoronka kawai rami da faci.

Kayan ɗakina su ne abin alfaharina, ba zan ɓoye ba. Babanmu manomi ne, ba wani mai hali ba, amma bijiminsa na huɗa ya sayar ya sa kafinta a Gusau ya yi mini gadon katako, irin wanda sai maza huɗu ke ɗagawa. Da kabad mai gilashi, da durowa mai madubi, da kujerun kushin ruwan ƙasa. Kwanoni kuwa Innarmu ta fara tara mini su tun ina firamare, da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ranar kasuwa ta sayo samira ɗaya, ta goge, ta tura ƙarƙashin gado, wani makon langa, wani makon tasa. Na girma ina jin ƙararsu duk lokacin da ake shara. Da aka zo jere a Anka, sai da gwaggonnina suka wuni suna ɗorawa suna saukewa kafin kabad ɗin ya yi musu yadda suke so.

Muna cikin shekara ta biyu Malam ya nemi aikin sojan sama aka ɗauke shi. Horon farko 'yan watanni ne, na zauna a ɗakina tare da iyalin mai gidan haya. Ya dawo ya rame, ya yi baƙi, kai aske tal, da takarda a hannu: an zaɓe shi cikin waɗanda za a koya wa tuƙin jirgi a Kaduna. Kusan shekara biyu za su yi, a ɗakin gwauraye, gadon ƙarfe da akwati ɗaya, ba a zuwa da iyali. Hutun mako biyu aka ba shi ya kintsa gidansa.

Maganar inda zan zauna ba ta ɗauki lokaci ba, Gummi zan koma wurin mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ni ma haka. Kayan ne suka zama magana. Ya zauna kan tabarma da biro da takarda kamar zai tsara jarrabawa, ya ce, "In aka sayar da gadon da kujerun, in na gama sai mu sayi sababbi."

Na ce, "Malam, bijimin Baba kake cewa a sayar sau biyu?"

Ya soke wannan da biro. Ya kawo maganar barin su ajiya wurin mai gidan haya, na nuna masa inda rufi ke yoyo da layin gara a bango. Saura Gummi. To gidan Inna ɗaki biyu ne: nata babba, mai siminti da rufin kwano, wanda marigayi mijinta ya gina mata, sai wani ɗan ƙarami kusa da madafa da ake zuba buhunan gero. Nan ne zan zauna. Gadona ko ƙofarsa ba zai shige ba. Muka yi ta juya magana har raina ya ɓaci, na ce, "To ka san yadda za ka yi da su. Ni dai ko murfin kwano ba za a sayar mini ba." Na naɗe kwanonina a tsofaffin zannuwa na cika kwalaye, na ɗauki jakar tufafina na riga shi tafiya Gummi don in gyara ɗakin. Wannan kalma ta "ka san yadda za ka yi" ita ce laifina a cikin labarin nan, kuma na karɓa.

Kwana uku ina aiki. Na fitar da buhuna, na share, na shafe bango, ranar ta uku da hantsi ina durƙushe ina daɓe, hannuna duk ƙasa da makuba. Sai na ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Wadda ta shigo Gwaggo ce, ƙanwar Babanmu, mace mai faɗa da ko maza ke shakka. Sallama kawai ta yi, ta zarce har bakin ɗakin ta taka mini ɗanyen daɓe. Idanunta jawur.

Na ce, "Gwaggo, lahiya? Wa ya rasu?"

Ta ce, "Babu wanda ya rasu. Mi kinka yi mai?"

"Wa?"

"Mijinki mana! Jiya da la'asar a-kori-kura ta sauke kayanki ƙohwar gida, gado, kabad, har muciya. Direba ya ce maigidan ya ce a kai gidan ubanta. Ina takardar?"

Takardar saki take nufi. A wurinmu kayan ɗakin mace ba sa komawa gidan ubanta sai aure ya mutu. Ko an yi sakin ma, dangin matar ne ke zuwa su kwashe da kansu. Namiji ya loda su a mota ya aika, wannan ya wuce saki, cin mutunci ne. Ga shi jiyan ranar kasuwar Bukkuyum ce, duk wanda ya taɓa cin tuwon bikina ya ga gadon nan yana wucewa da ƙafafu a sama. Gwaggo ta ce tun kafin magariba mata suka fara shigowa jaje, Innarmu ko ruwa ta kasa sha. Baba kuwa ya rantse kayan ba za su shiga ɗaki ko ɗaya a gidansa ba sai ya ji dalili. Suna nan tsakar gida an rufa musu tampol, ga damina ta kawo kai, kullum da hadari a gabas.

Zan faɗi gaskiya. Na ɗan lokaci ni ma na yarda. Na ce a raina, mutum ya zama hafsa, zai hau jirgi, zai ga 'yan matan birni, me zai yi da mai daɓe da makuba? Na tuna yadda ya yi shiru ranar da na yi masa tsawa kan bijimi. Na zauna daɓas a ƙasa. Tsoro na ji, da kunya, da wata irin zuciya da ban san ina da ita ba.

Inna tana gindin turmi, ta ji komai. Doguwar mace ce marar yawan magana. Ta ɗebo ruwa a kwano ta miƙa wa Gwaggo, ta shimfiɗa mata tabarma, ta ce, "Ki zamna. Yana tahe yau." Da yake shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunansa.

Da azahar sai ga shi, cikin kaki, jaka a kafaɗa, fuska wasai. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya gaida Gwaggo da murna, ya juyo wurina ya ce, "Na gama da maganar kaya!" Wai ya tuna akwai ɗakin yayana da ya tashi daga gidanmu, babu kowa ciki, siminti ne, ba yoyo ba gara, ga shi kan hanya. Ina ya fi gidan ubana aminci? Gwaggo ta ce, "Wasiƙa hwa? Ka ba direba wasiƙa?" Ya ce, "Ai na ce ya gaishe su."

Ban taɓa ɗaga murya gaban Inna ba sai ranar. Na ce, "Malam, sakina ka yi?"

Jakar ta zame daga kafaɗarsa. Ya ce, "Subhanallahi! Wa ya ce?"

Na ce, "Bukkuyum kaf!"

Na ga lokacin da abin ya shiga kansa. Mutumin da ya tashi a Gummi, ya ga ana kwasar kayan mata tun yana yaro, amma bai taɓa haɗa wannan da nasa lissafin ba, shi ajiya kawai ya gani. Ya dafe kai da hannu biyu. Inna ta dube shi ta ce, "An ce za su koya maka tuƙin jirgi. Hankali hwa, wa zai koya maka?"

Ya ce yanzun nan zai hau mashin ya je ya ba Baba haƙuri, ya yi masa bayani, sai a shigar da kayan ɗaki. Gwaggo ta yi tsaki. Ta ce, "Yayana zai ji. Kasuwa hwa? Gida-gida za ka bi? Kaya na gidan uba, kai ka ɓace shekara biyu, wa za ya yarda ɗiyarmu na da aure?"

Ya ce, "To ina za a sa su, Gwaggo? Gadon ko ƙofar ɗakin nan ba zai shiga ba."

Inna ta tashi ta shiga ɗakinta. Muna zaune sai ga ta da akwatin ƙarfe, ta ajiye tsakar gida. Ta koma ta fito da tabarmi, da ƙorai, da buzun sallar marigayi. Sai a karo na uku na gane abin da take yi. Na ruga na riƙe mata hannu na ce, "Inna, don Allah a'a. Don girman Allah." A ɗakin nan aka kawo ta, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan mijinta ya cika.

Ta zare hannunta a hankali ta ce, "Mutane sun ga kaya sun shiga, sai sun ga sun hita. Ni tsohuwa mi zan yi da ɗaki babba? Ke kinka yi daɓe, ni zan more shi."

Washegari da safe muka nufi Bukkuyum, har da kawunsa. Malam ya cire kaki ya sa babbar riga, ya durƙusa a zaure ya yi bayani tun daga farko, gumi na bin wuyansa. Baba bai katse shi ba. Da ya gama, Baba ya ce, "Na ji. Gadon ga mutum huɗu sunka sauke shi. Kai za ka zan na huɗu wurin ɗora shi." Haka kuwa aka yi, ya naɗe riga ya kama ƙafar gado yana nishi, Innarmu na leƙe daga ƙofar ɗaki tana dariya tana share hawaye.

Gwaggo ce ta zauna gaban mota, ta hana direba bin gajeriyar hanya. Sai da ya ratsa ta bakin kasuwa a hankali, mata a baya kan kujerun kushin suna rangaɗa guɗa kamar yau aka ɗaura. Ni na rufe fuska da mayafi, kunya kamar in nutse, amma wallahi daɗi nake ji. Aka yi mini jere na biyu a ɗakin Inna. Madubin durowa ya tsage a gefe ɗaya, ƙafar kabad ta kumbura da laimar ƙasa, sauran duk lafiya. Ana sa kwano na ƙarshe ruwa ya sauko.

Bayan kwana biyu Malam ya tafi Kaduna. Ni da Inna muka zauna, kuma ban taɓa zaman da ya kai wannan daɗi ba. Ta koya mini daddawa, ni nake karanta mata wasiƙunsa, in na zo inda yake kwatanta yadda gari ke komawa ƙanƙane in an tashi sama sai ta ce in maimaita. Jirgi ba ya yawan bi ta kan Gummi. In aka yi sa'a wani ya gifta can ƙololuwa, sai ta fito daga ɗan ɗakinta ta kare ido da hannu ta ce, "Ko shi na?" In ce, "Inna, wannan na alhazai ne." Ta ce, "To, Allah ya sauke su lahiya, shi da su."

Da ya gama aka ba mu gida a bariki, da gado da kujerun gwamnati a ciki. Na ce, "Inna, yanzu sai ki koma ɗakinki, mu san inda za mu kai kayan." Ta ce, "Kayan ɗiyar mutane ba su sake hita gidan ga ina raye." Na roƙa, shi ma ya roƙa, ya ce to bari a ƙara wa ƙaramin faɗi a sa siminti. Ta ce daɓenta bai yi komai ba. Duk hutun da muka zo, ɗakin a share, kwanoni a goge, zanin gado sabon wanki.

Shekara goma sha ɗaya ta yi a ɗan ɗakin nan, a ciki ta rasu. Bayan an yi addu'ar bakwai mutane sun watse, na shiga ni kaɗai. Sawun takalmin Gwaggo yana nan a bakin ƙofa, ya bushe cikin daɓen. Na tsaya tsakiya na buɗe hannuwana, saura kaɗan yatsuna su taɓa bango biyu. Duk shekarun nan ina shiga ina fita, ban taɓa lura da ƙanƙantarsa haka ba. A nan ta kwana, ta yi zafin bazara kusa da madafa, don kada wata a kasuwar Bukkuyum ta nuna ni da baki. Na zauna a ƙasa na yi kuka har Malam ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.