Ranar da Na Kira Baba Ticha Gaban Allo

Shekarar da na fara koyarwa a cibiyar karatun ƙarshen mako ta Birnin Gwari ina ji da kaina ba kaɗan ba. Na dawo daga Zariya da digiri na biyu, ga jakar hannu, ga takalmi sau-ciki, har tafiyata sai da ta canza. Cibiyar reshe ce ta wata kwalejin horar da malamai, aron azuzuwan wata sakandare muke yi duk ranar Asabar. Ɗalibanmu kuwa malaman firamare ne da suka daɗe suna aiki da tsohuwar takardar shaida, aka ce musu ko su samo babbar, ko su bar aikin.

Darasin da aka ba ni shi ne na auna fahimtar ɗalibai: yadda ake tsara jarrabawa, yadda ake fitar da matsakaicin makin aji, da yadda za ka gane ko makin yara kusa da juna yake ko a warwatse. Lissafi ne dai, kuma da yawansu rabonsu da irin wannan lissafi tun ina cikin zanen goyo.

Ranar farko na shiga aji ina baza ido, sai na hango wani dattijo a bencin ƙarshe kusa da taga, ya ɗora hularsa a kan gwiwa. Baba Ticha ne, haka kowa ke kiransa daga ƙauyukan kewaye har cikin gari. Mutumin Gbagyi ne, dogo, mai furfura a gefen kunne. Shi ya koyar da ni a aji ɗaya da aji biyu, shi ya riƙe hannuna na rubuta harafin farko, shi ne kuma daga baya ya je ya zauna wa mahaifina a zaure sai da ya yarda na tafi sakandare. Na taka har inda yake na durƙusa na gaishe shi.

"Tashi, tashi, ɗana," in ji shi. "Yau kai ne malam."

Aji ya yi dariya, ni ma na yi, amma ta yaƙe ce. Daga baya na ji halin da yake ciki. Shekara huɗu suka rage masa ya yi ritaya. Ya taɓa faɗuwa wannan darasi a hannun malamin da na gada, kuma dokar kwalejin ba ta ba da dama ta uku. In ya sake faɗuwa, babu takarda, in babu takarda kuwa za a sallame shi daga aikin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai.

Lokacin hanya ba daɗi. Masu zuwa daga ƙauyuka a ayari suke tahowa kan babura, kuma dole a tashi kafin la'asar, don ba wanda ke son rana ta faɗi yana gefen daji. Saboda haka gudu nake yi da darasi. In cika allo da rubutu, in karanta musu takardun da na buga, in juyo in ce, "Kun gane?" Su amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam!" Sai in ji daɗi in share allo. Wani lokaci nakan bi layi-layi ina jefa tambaya, amma da na zo kan Baba Ticha sai in tsallake. Ta yaya zan tsayar da shi a gaban sa'o'in 'ya'yansa, waɗansu ma shi ya koyar da su? In ya kasa amsawa, ina zan sa fuskata? Ko aikin gida ya kawo ba na iya sa masa jan biro, sai in rubuta "na gani" a ƙasa in mayar masa da hannu biyu. Shi kuma bai taɓa ɗaga hannu ba. Gyaɗa kai kawai yake yi, yana kwafe duk abin da na rubuta da wannan kyakkyawan rubutun nasa. Ni a wurina ladabi nake yi, har na ba mahaifiyata labari ta sa mini albarka.

Da aka yi gwajin tsakiyar zango, na zauna a gindin mangwaron gidanmu da yamma ina dubawa. Tun ban kai rabi ba raina ya ɓaci. Na jefar da biro na ce wa matata, "Dubi mutanen nan! Kullum mun gane, mun gane, ga abin da suka gane." Ta ce in sha ruwa tukuna. Da na zo kan takardar Baba Ticha kuwa sai na daina faɗan. Biyar ya samu cikin talatin. Ya rubuta ƙa'idar lissafin tsaf, ko ɗigo bai bari ba, amma bai san inda zai sa lambobin ba. Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin ƙara masa maki. Sai na tuna babbar jarrabawa daga hedikwatar kwalejin ake kawo ta, can kuma ake dubawa. Duk abin da na ƙara masa a nan, ruɗinsa kawai zan yi.

Ban iya miƙa masa takardar a aji ba. Ranar Litinin na hau babur na bi ayarin 'yan kasuwa zuwa ƙauyen da yake koyarwa. Na tarar ba a tashi ba, sai na tsaya bakin taga. Yana koya wa 'yan aji biyu tarawa da ƙwarar kaɗanya da ya zuba a kan tebur. Ɗaya bayan ɗaya yake kiransu yana miƙa musu alli. Wata yarinya ta rubuta amsar da ba daidai ba, bai yi tsawa ba, bai kuma gyara mata ba. Ya ce, "Saura kaɗan, sake." Ta koma ta ƙirga ƙwarar, ta goge da tafin hannu, ta rubuta daidai. Na tsaya nan har aka kaɗa ƙararrawa.

A gindin wata ɗorawa na ba shi takardar. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallonta.

"Na san haka za ta fito," ya ce.

"To Baba, me ya sa ba ka tambaya in ba ka gane ba?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "In ɗaga hannu in ce wa yaron da na share wa majina ban gane ba? Kai fa, me ya sa kake tsallake ni? Ina ƙirgawa. Asabar bakwai ke nan."

Na sunkuyar da kai na ce, "Kunya ce, Baba."

"Kunyar nan taka ita za ta mayar da ni gida ba aiki." Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Da kake aji biyu, ka taɓa jin na ce muku kun gane? Yaro ba ya cewa bai gane ba. Babba ma ya fi shi ƙin faɗa. Alli ake ba mutum, hannunsa ya faɗi gaskiya. Asabar mai zuwa ni za ka fara kira. In ka kira ni, sauran ba su da wurin ɓuya."

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Ni da nake koyar da yadda ake auna fahimtar ɗalibai, wata biyu ban auna ta ɗalibaina ba sai da tambaya guda, wadda na san amsarta tun kafin in yi ta. Kafin in tafi na kwafi makin yara goma daga rajistar ajinsa.

Ranar Asabar ban fito da takardun da na buga ba. Na rubuta makin yaran nan goma a allo, na juyo. Na ce, "Baba Ticha, zo ka fitar mana da matsakaici."

Wata malama a gaba ta ce a hankali, "Haba Malam, Baba ne fa." Shi kuwa ya tashi, ya ajiye hularsa a kan benci, ya taho ya karɓi alli. Ya tara makin daidai. Da ya zo rabawa, maimakon ya raba da yawan yaran, sai ya raba da makin da ya fi girma. Ya juyo yana kallona. Na san abin da yake jira, kuma wallahi da a ce ƙasa za ta tsage da na shige.

Na ce, "Baba, ba daidai ba ne. Saura kaɗan, sake."

Ya ƙyalƙyale da dariya har da dafa allo, ni kaɗai na san dalili. Na tambaye shi, in an kawo buhun gyaɗa za a raba wa yaran nan daidai wa daida, kashi nawa za a yi? Ya ce, "Goma mana." Sai ya tsaya, ya dubi allo, ya goge da tafin hannu, ya sake. Kafin ya koma wurin zamansa hannuwa sun tashi ko'ina. Wani hedimasta mai ƙaton ciki, wanda ya fi kowa ƙarfin murya wajen "mun gane", ya ce shi tun makon farko aka bar shi a tasha.

Daga ranar na raba su huɗu-huɗu. Kowa ya zo da makin ajinsa na gaske, su yi lissafin tare, wanda ya gane ya bayyana wa na kusa da shi da duk harshen da ya fi masa sauƙi. Ajin ya koma kamar kasuwa, Hausa nan, Gbagyi can, Fulatanci a lungu. Wani malami Bafulatani da ke koyar da 'ya'yan makiyaya shi ya warware mana maganar warwatsuwar maki. Ya ce garke biyu kowanne zai iya cika ƙwarya iri ɗaya da madara, amma a ɗaya kowace saniya tana ba da nata, a ɗayan kuwa shanu biyu ne ke ɗauke da sauran. Duk karatuna na Zariya ban samo wannan misali ba. Na sace shi, har yau da shi nake amfani.

Ba mu gama manhajar ba, babi biyu na ƙarshe a gurguje muka taɓa su. Shugaban cibiyar ya yi ta mita, ni ma hankalina bai kwanta ba. Bayan jarrabawa na yi makonni ina tunanin in tambayoyin sun fi yawa daga babin nan biyu, to na ƙarasa kashe dattijon nan da hannuna.

Ranar da aka manna sakamako a bangon ofis, na riga kowa zuwa. Na bi lambobin da yatsa har na zo kan tasa. Ya ci. Ba wani babban maki ba ne, amma ya haye sarai. Na zauna a kan dakalin baranda ina ta hamdala, na ji kamar an sauke mini buhun masara daga ka. Can sai ga ayarin baburan ƙauyuka. Baba Ticha ya sauko yana kakkaɓe wando, bai ko nufi bangon ba, ni ya duba.

"Ba sai na je ba," ya ce. "Na karanta a fuskarka."

Ya cika shekarunsa huɗu ya yi ritaya a kan lokaci. Ranar da ƙauyen suka yi masa taron ban kwana na je, na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Ya kama hannuna ya ɗaga ni, ya ja ni gaban dattawan garin da limamai da fastoci. Na ɗauka zai ce ga yaron da ya koya wa karatu. Sai ya ce, "Kun ga wannan? Shi ne ya tsayar da ni gaban allo, a gaban mutane, ya ce ban yi daidai ba."