Tambayar da Baba Idrisu Ya Kawo Daga Tasmaniya

Ina cikin motar haya tsakanin unguwannin Madinat Nasr da Abbasiya a Alƙahira, ranar Talata bayan la'asar, wayata ta yi ƙara. Hajiya Nafisa ce, babbar 'yar Baba Idrisu. Ta ce Baba ya cika bayan azahar, za a yi jana'iza gobe da hantsi. Na yi salati, na sauka tun ba mu kai tasha ba, na ƙarasa da ƙafa.

Baba Idrisu Bahaushen Sudan ne. Yaƙi ya koro shi Alƙahira da iyalinsa, daga nan aka tura su gudun hijira Tasmaniya, wani tsibiri mai sanyi a kudancin Ostiraliya. Ba ya jin Turanci, ga yara huɗu ƙanana. Aikin da ya samu na gonakin inabi ne, kuma kusan duk inabin da ake nomawa a can giya ake yi da shi. Shekara tara yana datse rassan kuranga da hunturu, yana tsinkar 'ya'ya da kaka, kafin ya sami gurbi a gonar tuffa. Da tsufa ya zo, sanyi ya kama masa gwiwoyi, ya dawo wurin 'yarsa a Abbasiya.

A masallacin unguwar muka haɗu. Lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun fiƙihu, ina ji da abin da na haddace. Ya ji ina Hausa da wani abokina, ya jira har muka gama, sannan ya gaya mini aikin da ya yi.

"Malam," in ji shi, "abincin da na ciyar da yarana a shekarun nan, halal ne ko haram?"

Ban tambaye shi komai ba. Na jawo masa hadisin da ya yi magana a kan mai matsa giya da mai ɗaukarta, na ce hukuncin a fili yake. Da ƙarfi na faɗa, mutane suna ji. Ya sunkuyar da kai, ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa ya fita. Kwana uku ban gan shi a sahu ba.

Na kai wa malaminmu labarin ina jiran yabo. Sai ya tambaye ni ko mutumin yana da wata hanya a lokacin, ko ya nemi wani aikin, ko ya bari da ya samu. Ko ɗaya ban san amsarsa ba. Ya ce hukuncin giya bai canja ba, amma wanda larura ta matsa wa yana da nasa babin, kuma kada in dawo darasi sai na ji daga bakin mutumin.

Hajiya Nafisa ce ta buɗe mini ƙofa, ba fara'a a fuskarta. Ta ce tun ranar Baba bai ci abincin kirki ba. Shi kuwa ya tarbe ni kamar ba abin da ya faru, ya sa aka kawo shayi. Da na roƙe shi, ya ba ni labari. Ya ce akwai safiyar da raɓa ke daskarewa a kan wayar da ake ɗaure kuranga, yatsunsa su kasa riƙe almakashi sai ya hura musu iska. A tsakanin layukan kuranga yake shimfiɗa rigarsa ya yi azahar. Kowace shekara yana neman wani aikin, ana ce masa babu. Ƙarshen kakarsa ta farko mai gonar, wata Baturiya, ta miƙa masa kofi don ya ɗanɗana giyar da suka yi, ya ƙi, ya faɗa mata dalili. Daga ranar ruwan tuffa take ajiye masa, kuma ita ce daga baya ta yi masa hanyar gonar tuffar.

Na faɗa masa abin da malaminmu ya ce, na nemi gafara. Hawaye suka bi gemunsa.

"Ma'alish, ba komai, ɗana," ya ce. "Ba ƙarya ka faɗa ba. Sauri dai ka yi."

Shekara shida na yi ina zuwa gidan nan bayan haka. Ban taɓa jin ya kare giya ba, ban kuma ji ya zagi mutanen da ya yi wa aiki ba. Yakan ce sun riƙe amanar aikinsu, sun kuma bar shi da addininsa. Ya san sana'ar sarai. Shi ya gaya mini sanyin tsibirin ne ke sa inabi ya nuna a hankali, abin da masu yin giyar ke nema ke nan, har baƙi na zuwa daga nesa saboda shi. Sababbin ɗalibai kuwa, da gwiwoyin nan nasa yake hawa bene yana taya su neman ɗaki. In sun fara musu a kan mas'ala a gabansa, sai ya ce: "Ku fara tambayar mutum yadda ya kwana, hukuncin ba zai gudu ba."

Abin da na yi masa a masallaci bai taɓa faɗa wa kowa ba. A wurin zaman makoki wani dattijo ya kama hannuna, ya ce Baba ya sha gaya musu cewa ni ne malamin da ya warware masa damuwar da ya daɗe da ita. Shi ya sa na rubuta wannan, don a san yadda abin ya kasance, da kuma wanda ya koyar da wani a cikinmu.

Ya Allah, Kai ka san sanyin da bawanka Idrisu ya sha don yaransa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka saka masa da alheri a kan haƙurin da ya yi da ni. Ka bai wa Hajiya Nafisa juriya, Ka sanyaya zukatan ƙannenta uku da ke Tasmaniya, waɗanda nisa ya hana su ɗaukar makarar mahaifinsu. Amin.